'Yar Tsana da Dokin Kara a Ƙasar Gobir: Tarihin Wasa da Tara Kaya a Sabon Birni da Isa

'Yar tsana ita ce ƙaramar siffar mutum wadda ake haɗawa da kara ko ƙashi ko yumɓu ko tsumma, domin yarinya ta goya ta, ta yi mata kwalliya, ta kuma tara mata kaya kamar yadda take ganin manyan mata suna yi wa jariri da amarya. Dokin kara kuwa shi ne takwaranta a hannun yara maza, tare da shanun laka da raƙuma da motocin da suka biyo bayansu. Littattafan tarihin Gobir cike suke da jerin sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe, kuma ba kasafai waɗannan ƙananan abubuwa suke samun gurbi a cikinsu ba, alhali wanda ya bi sawunsu zai shiga tarihin ƙasar ta wata ƙofa, domin a jikinsu ake ganin abin da gona da fadama suke bayarwa, da abin da shari'a ta hana ko ta ƙyale, da abin da kasuwa ta kawo daga nesa. Babban abin lura shi ne cewa darajar 'yar tsana a wurin Bagobira tana cikin abin da aka tara mata, da yadda aka jera shi, da mutanen da suka taru saboda ita, wato ita ce dukiyar farko da yarinya take mallaka, kuma a kanta take koyon tattali da jere da zumuncin biki.

Ƙasa da mutanenta

Sabon Birni da Isa suna gabashin Jihar Sakkwato, a yankin da kogunan Bunsuru da Gagare suke haɗuwa su zama Gulbin Rima, sannan Gulbin Maraɗi ya dawo daga cikin Jamhuriyar Nijar ya zuba a cikinsa, kuma wannan haɗuwar ruwa ce ta samar da fadamu masu laka mai danƙo a gefe guda, da jigawar da ake noman gero da dawa a ɗaya gefen. A wannan kwari ne Sarkin Gobir Babari ya kafa birnin Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara, a nan kuma Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa, har zuwa 1808 lokacin da birnin ya faɗa hannun mayaƙan jihadi aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobirawa da ta abokan ƙawancensu, waɗanda suka ƙi yin mubaya'a sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima, ɗan gidan sarautar Gobir, ya raba gari da Tsibiri ya dawo kwarin Rima ya gina Sabon Birni a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866. Isa kuwa ribaɗi ce ta Daular Usmaniyya, wato garin da aka zaunar da mayaƙa a bakin iyaka domin tsaro, kuma da sunan Sansanin Isa ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ambace ta lokacin da ya yada zango a wurin a 1853 kafin ya keta dajin Gundumi zuwa Wurno.

Garuruwan biyu ke nan sun taso daga tushe mabambanta, ɗaya na 'ya'yan tsohuwar sarautar Gobir, ɗaya na masu jihadi, sannan yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 suka ƙara wani rabon, Tsibiri da Madawa suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna a ƙarƙashin Ingila. Amma iyaka ba ta hana auratayya da fatauci da ziyarar dangi ba, kuma tun da yake amare ne suke ɗaukar al'adun cikin gida daga gari zuwa gari, wasan yara ya zauna iri ɗaya a ɓangarorin biyu, kamar yadda lafazi ya zauna iri ɗaya, inda Bagobiri yake cewa ɗiya a wurin da Bakano zai ce 'ya.

Siffa kafin jihadi da bayansa

Ƙera siffar mutum da ƙasa daɗaɗɗiyar sana'a ce a arewa maso yammacin Nijeriya, domin an tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu a yankunan Sakkwato da Katsina da Kwatarkwashi, waɗanda masana suke ƙiyasta shekarun wasunsu da kimanin dubu biyu, suna kuma kwatanta su da na Nok da aka fara ganowa a 1928. Waɗannan ba kayan wasa ba ne, siffofi ne na manyan mutane masu gemu da kayan ado, amma sun isa shaida cewa hannun mutanen wannan yanki ya saba da laka tun kafin a ji sunan Gobir a kwarin Rima. A zamanin Alƙalawa kuma addinin gargajiya yana da ƙarfi a fada, inda Inna, babbar mace daga gidan sarauta, take shugabantar 'yan bori, wato masu hulɗa da iskoki, kuma kowane iska yana da sunansa da launin tufafinsa da kayan da ake ajiye masa. Baturen nan A. J. N. Tremearne, a littafinsa na 1914 a kan bori a tsakanin Hausawan Tunis da Tarabulus, ya kawo hotunan 'yan tsana da aka sa wa tufafin iskoki daban-daban domin a nuna kamannin kowannensu. Akwai kuma ɗiyan dabo, waɗanda aka sani a tsakanin Hausawan Nijar, wato 'yan tsanan da mai wasa yake ɓuya a ƙarƙashin mayafi yana motsa su yana yi musu murya domin 'yan kallo su ba shi kyauta. Siffa ke nan tana da gidaje uku a tsohuwar ƙasar Hausa: na tsafi, da na dabo, da na wasan yara.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da almajiransa sun yaƙi gida na farko, domin sun soki girmama itatuwa da duwatsu da yin yanka saboda iskoki, amma gida na uku ya tsira, kuma dalilin tsirarsa yana cikin fiƙihun Malikiyya, mazhabar da ƙasar Hausa take bi. Malaman wannan mazhaba sun haramta ƙera siffar abu mai rai idan tana da inuwa, wato tana da jiki a tsaye saɓanin zane a kan takarda, kuma gaɓoɓinta sun cika, sai dai sun togace 'yan tsanan yara mata daga wannan hukunci. Hujjarsu ita ce Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa a cikin kayan wasan nata har da doki mai fukafukai, sannan hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ya nuna cewa matan sahabbai sukan yi wa yara abin wasa da gashin tumaki domin su ɗauke hankalinsu daga yunwa ranar azumin Ashura. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatai da zaurukan ƙasar Hausa, wanda ya rasu a 1149, ya bayyana hikimar rangwamen da cewa horo ne ga yara mata a kan reno da kula da gida.

Wannan fahimta ta dace da siffar 'yar tsanar gargajiya, wadda galibi ba ta da ido ko baki ko yatsu, sai jiki da kai kawai, domin abubuwa biyu sun haɗu a kanta: kara da ƙashi ba sa karɓar sassaƙa mai zurfi, kuma gidan da ake karatu ba ya son siffar da ta cika. Tasirin wannan hukunci bai gushe ba, domin a 2021 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta hana masu shaguna da teloli amfani da mutum-mutumin tallar tufafi sai idan an cire masa kai.

Haɗawa da tarawa

Kowace irin 'yar tsana tana da lokacinta, domin kayan haɗa ta suna bin zagayowar shekara. Da kaka, bayan an yanke gero da dawa an ɗaure dammuna, kara yakan wadata a gonaki da bayan gida, sai a yanko gaɓa mai kauri ta zama jiki, ko a fere ɓawon a fitar da totuwa, wato farin ɓargo mai laushi da ke cikin kara, wanda ake iya soka wa tsinke ko ƙaya ba tare da ya tsage ba. Bayan Sallar Layya, ƙashin ƙafar rago ko na akuya da aka wanke aka shanya yakan zama 'yar tsana mafi ƙarko, wadda kan gaɓar ƙashin yake zama kanta, kuma irin wannan sananniya ce a faɗin ƙasashen Sahel. Idan ruwan gulbi ya janye, lakar fadama da ragowar yumɓun masu ginin tukwane sukan ba da nau'i na uku, wanda ake shanyawa a rana har ya bushe, a gidajen da ake ɗinki kuwa akan cusa auduga a tsumma a ɗaure wuya da zare.

Haɗa jikin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, domin yini ɗaya ya ishe shi, abin da yake cin watanni shi ne tara mata kaya. Yarinya takan bi teloli tana roƙon ƙyallaye domin zane da kallabi, ta tsinci tsakiyar da ta zube daga tsinkakkiyar jigida ko abin wuya, ta nemi baƙin zare ta yi mata kitso, ta ɗebi ɗan kwalli da lalle daga na uwarta. Daga nan sai kayan ɗaki: sakaina, wato guntun fasasshiyar ƙwarya, ta zama masaki, tsingaro, wato guntun fasasshiyar tukunya, ya zama kasko, ɗan faifan kaba ya zama marufi, a zamanin da kayan kanti suka shigo kuma marfin kwalba ya zama kwano, gwangwanin madara ya zama tukunya, kwalin ashana ya zama akwati. Ana adana wannan dukiya a cikin ƙwarya ko ɗan adudu, wato kwandon saƙa mai marfi, a ɓoye ta inda ƙanne ba za su kai hannu ba, a fito da ita a jera, a ƙirga, a yi musaya da ƙawa idan wata tana da biyu na abin da wata ba ta da shi. Daɗin al'amarin yana cikin nema da jira, domin mai tarawa ta san abin da ya rage mata, ta san daga inda kowane ƙyalle ya fito da wanda ya ba ta shi, kuma a gidan da komai na manya ne, wannan ƙwarya kaɗai ce abin da take da cikakken iko a kansa.

Ƙololuwar wasan ita ce bikin 'yar tsana, inda ƙawaye biyu suke shirya aurar da ta ɗaya ga ta ɗayar, ko su yi sunan jaririyar da aka ce an haifa, a kai lefe, a sa lalle, a yi guɗa, a raka amarya ɗakin da aka gina mata da ƙasa, a tuƙa tuwon ƙasa da miyar ganye, wani lokaci kuma iyaye su ba da ɗan gari da mai a yi girkin gaske a ƙaramar tukunya. Kowace yarinya da aka gayyata takan kawo gudummawa, ko ƙyalle ko gyaɗa ko ɗan kuɗi, kuma mai bikin takan riƙe a ranta wadda ta kawo da abin da ta kawo, domin ta rama ranar da nata ya zo. Wannan shi ne ainihin tsarin biki na manyan mata, kalmar da take nufin shagali take kuma nufin kyautar da ake mayarwa da ƙari, tsarin da masanin nan Bafaranshe, Guy Nicolas, ya yi dogon nazari a kansa a kwarin Maraɗi. Hausawa sun taƙaita al'amarin da cewa wasa farin girki.

Daga wasa zuwa jere

Idan yarinya ta kai munzalin aure takan bar wa ƙannenta 'yar tsana, amma ɗabi'ar tarawa tana bin ta ɗakin miji, inda take komawa jere, wato tsara kayan ɗaki bisa girma da launi a jikin bango domin ado da nuna gata. Tun tana ƙarama uwarta take sayen kayan ɗaya bayan ɗaya da ribar sana'ar cikin gida da kuɗin tallar da yarinyar kanta take yi, ranar kai amarya kuma dangi mata ne suke zuwa su yi jeren, 'yan kallo su shigo su ƙiyasta ƙoƙarin gidan da ta fito. Kayan jere sun sauya da sauyawar kasuwa: da farko ƙore masu zane da akusa na itace da faya-fayai, sannan tasoshin tagulla da na farin ƙarfe, sannan a tsakiyar ƙarni na 20 kwanonin fenti irin su langa da fanteka da samira, waɗanda aka riƙa shigowa da su daga Turai da Hong Kong kafin a fara ƙera su a Ikko da Kano, daga baya tangaran da kuloli a cikin kabad mai gilashi. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda kayan ɗaki suke zama ma'aunin darajar mace da ƙarfin danginta.

Yawancin waɗannan kwanoni ba a cin abinci a cikinsu, ana goge su ne a mayar da su mazauninsu, kuma suna da aiki biyu bayan ado, domin ajiya ce da mace za ta iya sayarwa idan fari ko rashin lafiya ya matsa, kuma jari ne na auren 'yarta. Saboda haka wanda ya ce Bahaushe bai san tara abu domin sha'awa ba, bai shiga ɗakin amarya ya ga bango cike da kwanoni iri ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, waɗanda mai su za ta gane nan take idan ɗaya ya ɓata ko an sauya masa wuri ba.

Garken yara maza

Yara maza suna da nasu tarin, kuma abin da idonsu yake gani a gari shi hannunsu yake ƙerawa. A bakin fadama sukan gina shanu da laka, su yi musu tozo, su soka ƙayar aduwa ko ta bagaruwa a matsayin ƙaho, su kewaye su da shingen tsinke, kuma yaro yakan yi alfahari da yawan garkensa kamar yadda makiyayan da suke saukowa kwarin Rima da rani suke yi da nasu. Raƙumi ma yana cikin abin da ake ginawa, tun da ayarin Buzaye masu kawo gishiri da kanwa sun daɗe suna ratsa ƙasar Gobir. Doki kuwa yana da matsayi na musamman a ƙasar da ta yi suna da mayaƙan dawaki, shi ya sa dokin kara ya zo iri biyu: dogon karan da yaro yake hawa ya ɗaura masa linzamin igiya ya yi sukuwa a kansa yana kwaikwayon hawan salla, da kuma ƙaramin da ake haɗawa da totuwa da ɓawon kara a ɗora masa mahayi.

Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, manyan motoci suka fara ɗaukar gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa tasha, sai motar kara ta shiga cikin garken, aka riƙa yi mata ƙafafu da sakaina da aka fere, daga baya motar langa-langa, wato wadda ake yanka gwangwani a ƙera, da ta waya mai dogon sitiyari da ƙafafun tsofaffin silifa suka biyo baya. Yaron da ya gwanance yakan yi suna a unguwa, har ƙannensa da sa'o'insa su riƙa ba shi gyaɗa ko ɗan kuɗi ya haɗa musu, kuma a wannan aiki ne yake fara sanin awo da daidaito da yadda ƙafa take juyawa a kan sanda, ilimin da maƙeri da kafinta da makanike suke ginawa a kansa.

Zuwan roba

Sauyi mafi girma ya zo ne da roba. Masana'antun Kano da ke Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun cika kasuwanni da bokitai da butoci da takalman roba, musamman a shekarun 1970 da kuɗin man fetur ya yawaita, kuma tare da su 'yar tsanar roba, wadda yara suke kira bebi, ta isa kasuwannin karkara irin ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis. Daga baya kayan ƙasar Sin, wadda ita ce take ƙera mafi yawan kayan wasan duniya a yau, suka mamaye kasuwa, suna shigowa ta Ikko ko ta Kwatano su bi ta Maraɗi da Birnin Ƙonni, har ya zama al'ada yaro ya kashe barka da sallarsa a kan tabarau da agogon roba da bindigar ruwa. Abin da ya sauya a nan shi ne abin wasa ya koma abin saye, ya kuma zo da fuska cikakkiya, galibi farar fata da gashi mai ruwan zinariya, kamannin da ba na mai goyon ba.

Wannan ya dami mutane a wurare da yawa, kuma kowa ya nemi mafita. Tun 2003 aka fito da Fulla a ƙasar Siriya, mai sanye da abaya, domin ta yi gogayya da Barbie, wadda kamfanin Mattel na Amurka ya fara sayarwa a 1959. A Ikko, Taofick Okoya ya kafa Queens of Africa a 2007, da 'yan tsana baƙaƙe uku masu wakiltar manyan ƙabilun Nijeriya, ta Hausa sunanta Azeezah. A 2015 kuma Haneefah Adam ta Ilori ta fara ɗinka wa Barbie hijabi tana saka hotunan a Instagram da sunan Hijarbie. Yaran karkara sun riga kowa samun tasu mafitar ba tare da sanarwa ba, domin bebin roba ma goya ta ake yi da zane, a yi mata kitso, a ɗinka mata atamfa da ƙyallen tela, a tara mata marafan kwalba, a yi mata biki. Jikin ya sauya daga kara zuwa roba, amma aikin da ake yi a kansa bai sauya ba.

Masu tarawa da abin da ba a tara ba

A ƙasashen masana'antu tara kayan wasa ya zama sha'awar manya, musamman bayan fitowar sojan roba G.I. Joe a 1964 da mutum-mutumin fim ɗin Star Wars a 1978, inda mutum yake bin jerin siffofi har ya cika shi, yana samun natsuwa da abokai a cikin neman, kuma a wannan kasuwa abin da ya fi tsada shi ne wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba. A Japan ana bikin Hina Matsuri ranar 3 ga Maris, inda iyali suke jera 'yan tsanan gado hawa-hawa domin yi wa 'ya'ya mata fatan alheri, abin da ya fi kusa da jeren Bahaushiya. Sha'awar iri ɗaya ce, ta nema da cikawa da jerawa da nunawa, bambancin yana wurin ma'auni: a can abin da hannu bai taɓa ba shi ne mai daraja, a Gobir kuwa 'yar tsanar da ta fi daraja ita ce wadda ta sha goyo har ta yi baƙi, aka yi mata biki, aka kuma miƙa ta ga ƙanwa.

Wannan ma'auni ne ya sa al'adar ta rayu, shi ne kuma ya sa ba ta bar kufai ba, domin gara tana cin kara, ruwa yana narkar da laka, kuma ba wanda yake ajiye abin da kowace kaka za ta sake kawowa. Masu tara kayan tarihi na waje sun bi gasasshen yumɓu ne, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa siffofin Nok da Sakkwato da Katsina a jerin kayan da ake sacewa a 2000, shekarar da aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre a Faris, lamarin da ya kai ga yarjejeniyar 2002 wadda Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. 'Yar tsanar kara ba ta da kasuwa, saboda haka ba a sace ta ba, ba a kuma kula da adana ta ba.

Yanzu kuwa gonar da take ba da karan ita kanta tana cikin hatsari, domin hare-haren 'yan bindiga sun addabi ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, a watan Mayu na 2020 an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda, kuma tun daga 2019 dubban iyalai sun tsallaka iyaka zuwa Jihar Maraɗi, wasu sun cunkushe a manyan garuruwa. Inda ba a noma babu kara, inda ba a kwana da kwanciyar hankali babu dandali, kuma tsofaffin matan da suka yi wasa da 'yar tsanar ƙashi kafin zuwan roba suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata Hukumar Adana Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su haɗa hannu su zauna da waɗannan tsofaffi, su sa su haɗa kowane nau'i da hannunsu, a ɗauki hoto, a rubuta sunayen kayan da lafazin Gobir, a ajiye samfuri a gidan tarihi, a kuma mayar da aikin cikin darasin sana'ar hannu na makarantun firamare. Aikin ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, domin kara da laka da ƙyalle ne kayansa, abin da yake buƙata shi ne a fara shi tun masu sanin suna raye.